Idan Maigadi Ya Ɓata Ƙofa: Katangar Tsaro A Kan Sabar Guda

Sau da yawa ana ajiye gidajen yanar gizo goma ko fiye a cikin babbar kwamfuta guda, wadda ake kira sabar, kamar 'yan haya a gida ɗaya. Da yawansu da manhajar WordPress aka gina su, wadda ta fito a 2003. Domin kare su daga masu kutse, akan liƙa musu wata ƙaramar manhaja mai aikin katangar tsaro, irin su Wordfence. Aikinta shi ne ta binciki kowane baƙo tun daga zaure.

To, ta yaya take riga kowa farkawa? Harshen PHP, wanda da shi aka rubuta WordPress, yana da umurni mai suna auto_prepend_file, ma'ana "karanta wannan fayil kafin komai". Wordfence takan rubuta umurnin a cikin fayil ɗin .htaccess ko .user.ini, ta nuna cikakkiyar hanyar da za a bi a kai ga fayil ɗinta, wato wordfence-waf.php.

A nan gizo ke saƙa. Umurnin da aka ajiye a babbar jaka yakan gangara zuwa ƙananan jakunkunan da ke cikinta. Idan an dasa gida na biyu a cikin jakar na farko, sai ya gaji maigadin maƙwabcinsa, da dokokin da ba nasa ba. Haka kuma idan aka kwafi gida domin a gina sabo, tsohuwar hanyar takan biyo shi. Ranar da aka share gidan asali, PHP za ta nemi fayil ta rasa, sai ta tsaya cik. Ɗalibin da ya zo duba sakamakon jarrabawa ya tarar da farin shafi. Mafi muni shi ne a sa umurnin a php.ini na sabar gaba ɗaya, domin kuskure guda zai durƙusar da kowa.

Mai gyara yakan fara da kundin kurakurai na sabar, inda sunan fayil ɗin da aka rasa yake a rubuce. Daga nan ya bi gidajen ɗaya bayan ɗaya, ya tabbata kowanne yana nuna nasa fayil. Sai kuma haƙuri: bisa tsarinta na asali, PHP ba ta sake karanta .user.ini sai bayan daƙiƙa 300. Wanda bai san haka ba yakan zaci gyaran bai ci ba, ya koma ya warware aikin da ya riga ya yi daidai.