Rawar Takalmin Katako a Ƙasar Ingila

A wannan ɗan taƙaitaccen rubutu zan yi ƙoƙarin gabatar wa 'yan'uwana ɗalibai wata rawar gargajiya ta Turawan Ingila, domin mu ga yadda sana'a take haifar da al'ada.

Rawar ta bunƙasa ne a ƙarni na 19 a arewacin Ingila, musamman yankin Lankasha, inda masaƙun auduga suka yi yawa. Aikin zare yana son danshi, don haka daɓen masaƙa ba ya rabuwa da laima. Wannan ya sa leburori suke sa wani takalmi mai ƙasan katako da saman fata, saboda arha da ƙarko. Suna tsaye gaban inji tun safe har dare, sai su riƙa buga ƙafa don korar sanyi, bugun yana bin amon injin. Abin ya yi kama da yadda lugude yake fitowa daga daka. Da tafiya ta yi tafiya, sai bugun ya koma rawa.

A wannan rawa ƙafa ce ganga. Mai rawa yakan tsayar da jikinsa cak, ya bar dunduniya da kan yatsu su fitar da kiɗa. A wajen gasa ma alƙalai sun fi kasa kunne ga daidaiton bugu bisa kallon ado.

Daga masaƙa rawar ta shiga gidajen wasa, har ta fitar da wasu 'ya'yan talakawa daga ƙangi. Dan Leno ya ci gasar duniya a birnin Lids a 1880, ya kuma zama shahararren ɗan barkwanci. Charlie Chaplin ma yana yaro ya yi wannan rawa cikin wata ƙungiyar yara takwas. A Amurka kuwa ta cuɗanya da rawar mutanen Ailan da ta Baƙar Fata, aka sami sababbin raye-raye.

A ƙarni na 20 takalmin ya fara zama alamar talauci, masaƙu suka yi ta rufewa, rawar ta kusa ɓacewa. Abin da ya cece ta shi ne, daga wajajen 1950 manazarta sun bi tsofaffin gwanaye suna koyo suna rubutawa, irin su Sam Sherry da Pat Tracey kuma suka koyar da matasa. Yau ana yin ta a bukukuwan gargajiya.

A ganina darasin a fili yake: al'adar da ke ƙafar tsoho, in ba a je an karɓa ba, tare da shi za a binne ta.