8 Ball Pool: Me Ya Sa Wasu Ke Ficewa Tun Wasa Bai Ƙare Ba?

Masu buga 8 Ball Pool na Miniclip a waya sun saba gani: saura baƙar ƙwallo kawai, sai abokin karawa ya fice. Ba kullum laifin netwok ba ne. Ko a teburin gaske, wasu kan miƙa wuya da gangan, don hana ɗayan ƙwarin gwiwar da jefa ƙwallon ƙarshe ke bayarwa.

Dokar WPA ba ta wasa da wannan: wanda ya kwance sandarsa yayin da ɗayan ke buga zagayen raba gardama ya faɗi wasan ɗungurungum. A waya kuwa, tsabar da aka zuba ce ke salwanta, alhali mai bugun na iya kuskuren tura farar rami tare da baƙar, ya kayar da kansa.