Macuci da Abokansa Uku

Jama'a, karatunmu na yau a kan cuta ne. Cuta iri biyu ce. Akwai ta jiki, wadda a ke kai wa asibiti. Akwai kuma ta kasuwa, wadda ta ke kama aljihu. To, ta aljihun za mu duba.

Za mu yi dariya a cikin wannan karatu, amma abin ba wasa ba ne. Mutum ya kan sha rana damina guda yana noma, ya tara kuɗin auren ɗiyarsa, sa'an nan wani mai zaƙin baki ya raba shi da su tsakanin azahar da la'asar.

Macuci ba ya haura katanga. Da sallama ya ke zuwa, kai da kanka za ka miƙa masa. Yana da abokai uku waɗanda su ke buɗe masa ƙofa: kwaɗayi, da gaggawa, da kunya. Ku riƙe sunayen nan, za mu yi ta gamuwa da su.

KWANO DA SIKELI

A shekarar 1929 hanyar jirgin ƙasa ta iso Ƙaura Namoda, ta biyo ta Funtuwa da Gusau daga Zariya. Daga nan garin ya zama wurin cinikin gyaɗa da auduga. Manoma su kan ɗoro wa jakai kaya daga ƙasar Zurmi da ta Shinkafi su kawo. A wancan zamani manomi kaɗan ne ya iya karanta lambar sikeli. Abin da mai saye ya faɗa, shi ne nauyin kayanka.

Zamanin dalar gyaɗa ya wuce, amma dabarar awo ba ta mutu ba. Akwai mai awon da ya ke da kwano biyu. Na saye mai zurfin ciki ne. Na sayarwa kuwa an bubbuga gindinsa ya shige ciki. In yana auna hatsinka, sai ya tare bakin kwanon da hannu, ya yi masa tozo kamar na raƙumi, yana ta ba ka labari mai daɗi.

Bari mu yi lissafi. A kan lissafa tiya 40 a buhu. A ce a kowace tiya ya ƙara cikin hannu ɗaya, a ce kuma hannu 10 ke cika tiya. A buhu ɗaya ya ci tiya 4 ke nan. A buhu 10 ya ci tiya 40. Ka ga, buhu guda cur ya tafi, kana tsaye, har kana yi masa godiya.

Maganin wannan mai sauƙi ne. Ka auna kayanka a gida, ka rubuta yawansu a takarda. Ka tafi da kwanonka. In aka ce sai da nasu, ka cika naka ka juye a nasu a gaban mutane.

Na sikeli ma akwai maganinsa. Ga misali. A ce manomi ya kai ɗansa asibiti da safe, aka auna shi, kilo 30. Da hantsi su ka je wurin mai sayen waken suya. Manomin ya ce wa yaron ya hau sikeli tukuna. Allura ta tsaya a 27.

Sai ya ce, "Alhaji, wannan sikeli naka ramar da yara ya ke yi. Ɗana ya zubar da kilo 3 daga asibiti zuwa nan. Ina tsoron kada buhuna ya kamu."

Kilo 3 cikin 30, watau ɗaya cikin goma. A buhu mai kilo 100, kilo 10 sun tafi.

Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya. Mu ma a cikinmu akwai mai zuba yashi a gyaɗa, da mai yayyafa wa auduga ruwa don ta yi nauyi. Mai saye ya san da haka, shi ya sa ya ke karya farashi ga kowa, har da mai gaskiya. A cikin Alƙur'ani akwai sura guda a kan masu tauye mudu, ita ce ta 83. Gargaɗinta ya hau kan mai saye da mai sayarwa baki ɗaya.

MAI NINKA KUƊI

Wannan kwaɗayi ne abokinsa. Ya kan sauka a gari da babbar riga da dogon carbi. Ya ce ka kawo naira 1,000. Ya rufe ta da ƙyalle, ya yi 'yan surutai, ya ba ka 2,000 na gaske. Ba kyauta ya yi maka ba, tsaba ya watsa wa kaza.

Gobe sai ka sayar da sa ka kawo kuɗin duka. Ya ba ka akwati a ɗaure, ya ce kada ka buɗe sai bayan kwana uku, kada kuma ka gaya wa kowa, in ba haka ba aikin zai karye. Ran na uku ka buɗe, ka tarar da yankakkun takardu. Shi kuwa tuni ya wuce Jibiya.

Tambaya ɗaya ta isa ta kore shi. Ka dubi ƙafarsa ka ce, "Malam, kai da ka ke ninka kuɗi, yaya aka yi takalminka ya tsinke?"

Kada ku ce mutumin ƙauye kaɗai a ke yi wa haka. A shekarar 2016 wani tsari mai suna MMM ya bazu a Nijeriya ta intanet. Ya yi alkawarin ribar 30 cikin 100 kowane wata. Masu ilmi da ma'aikata su ka zuba kuɗi. A watan Disamba na shekarar aka rufe fitar da kuɗin, mutane da yawa su ka yi hasara. Ku tuna, akuya ma sai ta yi wata biyar kafin ta haihu. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

ALAT NA BOGI

Wannan kuma gaggawa ce abokiyarsa. Tun da wayar hannu ta shigo ƙasar nan a 2001, macuci ya sami sabuwar riga. A farkon 2023, bayan da aka canza takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta yi wuya. Ciniki da yawa ya koma ta waya, har a ƙauye.

A ce ka kai raguna biyu kasuwar Shinkafi ran Alhamis. Wani ya taya, ka sallama. Ya ce ba shi da tsaba, zai tura maka. Wayarka ta yi ƙara, ga saƙo kamar na banki. Yana ta cewa, "Baba, yi sauri, mota za ta tashi." Ka saki igiya. Da ka je cire kuɗi, babu ko kwabo. Saƙon shi ya rubuta shi.

Saƙo ba kuɗi ba ne. Abin da ya nuna maka a fuskar wayarsa shi ma ba kuɗi ba ne. Ka duba abin da ke cikin asusunka da wayarka, ko ku tafi tare wurin mai POS ya ciro ya ba ka a hannu. In ya ce mota za ta tashi, ka ce masa, "Ɗana, mota ta tashi. Raguna ba su da sauri, ni ma haka." Mai gaskiya zai jira. Wanda bai jira ba ya hutar da kai.

MAI KIRA DAGA BANKI

Wani zai kira ka da murya mai ladabi. Ya ce daga banki ne, za a rufe asusunka yau ɗin nan, sai ka karanto masa lambobin katinka, da lambar sirri, da waɗanda za su shigo wayarka yanzu. Wani kuma ya ce sunanka ya fito a tallafi, ko a rabon taki.

Ku ji da kyau. Banki ba ya tambayar lambar sirri ta waya. Lambar BVN mai lamba 11 ma ba ta kowa da kowa ba ce. Lambar sirri kamar mabuɗin rumbu ce. Wa ya taɓa ba baƙo mabuɗin rumbunsa don ya ji muryarsa da daɗi?

Tsofaffinmu mata suna da makami a nan, watau gaisuwa. A ce ya kira wata tsohuwa a Zurmi.

"Inna, daga banki ne."

"Af, sannu ɗan nan. Ina kwana? Ina gajiya? Yaya mutan gida? Yaya iyayenka? An yi ruwa a wajenku?"

"Lafiya lau, Inna. Lambar katin..."

"Madalla. Yaya yara? Ba dai masassara? Tsaya in ɗaure akuya."

Kafin ta ɗaure akuya, ta sauke tukunya, ta nemo tabarau, kuɗin wayarsa sun ƙare. In kuma ya nace, sai ta ce, "To, ai kai ne banki. Kai za ka faɗa mini lambar, in ji ko daidai ne."

Akwai kuma mai kira da tsakar dare, ya shaƙe murya, ya ce shi aljani ne, zai ba ka dukiya, amma ka fara tura masa katin waya. Haba jama'a! Aljanin da ke da tulin zinariya, katin naira 500 ne ya gagare shi? Kashe wayarka ka koma barci.

KUNYA

Aboki na uku ya fi sauran ɓarna. Wanda aka cuta ya kan yi shiru don kada a yi masa dariya. Shirun nan shi ne guzurin macuci. Ya ci mutum a Ƙaura ran Litinin, ba wanda ya ji, ran Laraba sai ya ci ƙanensa a Zurmi da dabara iri ɗaya.

Akwai kuma kunyar tambaya. An miƙo maka takarda an ce ka dangwala, kai kuwa kana jin nauyin ka ce ba ka gane ba. Kada ka sa hannu a abin da ba ka karanta ba. In karatunka bai kai ba tukuna, ka kai wa wanda ka amince da shi ya karanta maka da ƙarfi. Matambayi ba ya ɓata.

In abin ya riga ya faru, kada ka kwana da shi. In ta waya ne, ka sanar da bankinka nan da nan a toshe katin. In a kasuwa ne, ka je wurin sarkin kasuwa. Ka gaya wa mai unguwa da dagaci, a kai magana ga 'yan sanda. Damfara laifi ce a doka. Sunan nan 419 da ku ke ji, lambar sashen doka ce wanda ya yi magana a kanta. Akwai kuma hukumar EFCC, wadda aka kafa a 2003 don irin wannan laifi. Amma kada a taru a doki mutum. A miƙa shi ga hukuma.

Sa'an nan ka ba da labarin a dandali da bakin masallaci. In an yi maka dariya yau, gobe dariyar za ta tsare aljihun mutum goma.

ABIN TUNAWA

1. Auna kayanka a gida, ka rubuta.
2. Ƙirga kuɗi a gaban mai ba ka, sau biyu.
3. Kada ka saki kaya sai kuɗi sun shiga.
4. Lambar sirri taka ce kai kaɗai.
5. Wanda ya ce "yi sauri" ko "kada ka gaya wa kowa", ka tsaya, ka gaya wa wani.

Duk dabarun nan biyar, da karatu da lissafi su ke tafiya. Harafin da ka koya a aji yau, shi zai tsaya maka a kasuwa gobe. Allah Ya tsare mu da zuriyarmu daga cuta, Ya kuma tsare mutane daga tamu.

TAMBAYOYI

1. Su wane ne abokan macuci uku?
2. Mai awo ya ci tiya 4 a kowane buhu. Tiya nawa ya ci a buhu 5?
3. Sikeli yana rage kilo 1 cikin kowane 10. Kayanka kilo 200 ne. Nawa zai nuna?
4. Me za ka yi in an nuna maka alat a kasuwa?
5. Rubuta sunan mutum ɗaya wanda za ka yi shawara da shi kafin ka biya kuɗi mai yawa.