TUNDURMI: YADDA ZA A GANE SHI, DA YADDA ZA A KULA DA ƘAFA

Jama'ar Dabai da kewaye, akwai ciwon da kan raba manomi da gonarsa tun yana da sauran ƙarfi, watau tundurmi. Waɗansu kan ce sammu ne. Ba haka ba ne. Sauro ke kawo shi, irin wanda ke kawo zazzaɓi. In ya ciji mai ciwon, sa'an nan ya ciji mai lafiya, sai ya bar masa 'ya'yan wata tsutsa siririya kamar zare. Ita kuwa ta kan zauna cikin hanyoyin ruwan jiki shekara 6 zuwa 8 tana ɓata su.

Da fari ƙafa ta kan kumbura da yamma, kafin safe ta sace. Wani lokaci a yi kaluluwa da zazzaɓi. Kada a jira har fata ta yi kauri. A tafi babban asibitin Zuru, gama ciwon zuciya da na ƙoda ma su kan kumbura ƙafa, likita ne zai bambanta. In ya ce a komo da dare a ɗibi jini, kada a yi mamaki. Da dare 'ya'yan tsutsar ke fitowa.

To, ga gaskiya. Ƙwayoyin Mectizan da albendazole suna kashe 'ya'yan tsutsar, su hana yaɗuwa. Da su, da gidan sauro, aka tsai da ciwon a Filato da Nasarawa, aka yi shela a 2017. In masu rabo sun zo, a karɓa, ban da mai ciki, da ƙananan yara, da mai ciwo mai tsanani. Amma ba su mai da babbar ƙafa yadda ta ke a da.

Abin da ke ƙara mata girma shi ne ƙazanta da ke shiga ta rauni ko faso. Saboda haka kada a yi tsaga, kada a yi ƙaho. A wanke ta kullum da sabulu da ruwa mai tsabta, har tsakanin yatsu, a share da tsumma mai laushi. A sa takalmi, ko a gona. In an zauna a ɗora ta bisa kujera, a riƙa motsa yatsu.

Ranar da ta yi ja da zafi, zazzaɓi ya taso, a bar aiki. A jiƙa zane da ruwan sanyi a ɗora, kada a gasa. A sha ruwa da yawa, a kai mutum asibiti ran nan.