Yadda A Ke Sa Magani Mai Wuyar Narkewa Ya Narke

Kowa ya san in an zuba man gyaɗa cikin ruwa ba za su haɗu ba, ko an kwana ana motsawa. To, magungunan asibiti da yawa halinsu ke nan. Ga su da ƙarfi, amma ruwa ba ya narkar da su sosai. Magani kuwa in bai narke cikin ciki ba, ba shi da hanyar ratsa hanji ya shiga jini, sai majinyaci ya haɗiyi ƙwaya, amfaninta ya wuce tare da bayan gida.

Ɗaya daga cikin dabarun da masana su ke yi wa wannan matsala ita ce haɗa maganin da wani irin sukari, sunansa saikulodestirin. Daga sitaci a ke samo shi, irin na masara ko rogo ko dankalin turawa. Wani masani na ƙasar Faransa, Antoine Villiers, shi ya fara ganinsa cikin shekara ta 1891, amma sai a 1976 aka fara sayar da maganin da aka haɗa da shi, a ƙasar Japan.

Siffarsa ita ce abin mamaki. Ƙwayoyin gulukos ne su ka riƙe juna su ka yi zobe, wani na ƙwaya 6, wani 7, wani 8, ƙanana ƙwarai, ko madubin likita ba ya nuna su. Bayan zoben yana son ruwa, raminsa kuwa yana son abu mai maiƙo. Saboda haka ƙwayar maganin nan da ruwa ya ƙi sai ta shige ramin, zoben ya narke, ya tafi da ita. Watau kamar wanda bai iya iyo ba ne ya shiga jirgin fito. Ba ɗaure ta aka yi ba. In an isa jikin hanji sai ta sauka ta shiga jini, a bar zoben a baya.

Zobe mai ƙwaya 7 shi ya fi araha, amma yana da aibi. Shi kansa bai kai giram 2 ba abin da ke narkewa cikin ruwa mililita 100, in kuma aka yi allurarsa ya kan lalata ƙoda. Don haka aka gyara shi, aka sami iri waɗanda sama da giram 50 ke narkewa cikin wannan ruwan. Da irin gyararren ne aka haɗa allurar remdesivir da aka yi wa masu cutar korona a 2020.

Sai dai jama'a su lura da abu biyu. Akwai maganin ciwon gaɓoɓi, piroxicam, wanda aka fito da mai zobe a Italiya a 1988. Ya fi saurin shiga jini, gaskiya ne, amma har yanzu yana iya ta da gyambon ciki, kada kowa ya sha shi ba da iznin likita ba. Sa'an nan itraconazole, maganin cututtukan fangas: na kwanso bayan abinci a ke sha, na ruwa mai zobe kuwa kafin a ci kome, kuma ya fi shiga jini. Suna ɗaya ne, aiki ba ɗaya ba. Wanda aka rubuta masa na ruwa, kada ya yarda mai kantin magani ya musanya masa da na kwanso sai ya koma ya tambayi likitansa.