Ƙwaron Albasa Bai San Iyakar Gona Ba

Daga Nuwamba zuwa Maris, rayuwa a Aliero da Maiyama da fadamun Jega na bakin Gulbin Zamfara tana bin albasa ne: dashe, ban ruwa, feshi, sannan lodin buhuna zuwa Kudu. Kukan da ake yawan ji kuwa shi ne magani ya daina ci. Akan ɗora laifin kan jabu, kuma jabu akwai shi, amma ko na gaskiyar ƙarfinsa raguwa yake, kuma yadda ake feshin ne sila.

Babban abokin gabar albasa ɗan mitsitsin ƙwaro ne da masana ke kira tirips, mai ɓuya a matsewar ganye yana tsotse shi har ya yi fari-fari. Idan zafi ya shigo, cikin mako biyu zuwa uku ƙwai ya zama uwa. Duk feshi yana kashe raunana ya bar masu juriya su hayayyafa. Manomi ya ga haka sai ya sauya kwalba, ya bar saifametirin ya koma lamda, alhali dangi ɗaya ne, hanya ɗaya suke kisa. Ƙwaron kuma ba albasa kaɗai yake ci ba: yana zama a tafarnuwa da kabeji da tumatir da ciyawar gefen gona. Wanda ya saba da guba a gonar tumatir, da juriyarsa zai tsallako cikin albasar maƙwabci. Masu tumatir a Kano da Kaduna sun ga ƙarshen irin wannan a 2016, lokacin da tsutsar sharon ta cinye gonaki ana feshi tana ci.

Za a ce wanda ya ci bashin taki da fetur ba zai zuba ido ganye yana bushewa ba. Gaskiya ne, kuma ba a ce ya daina feshi ba. Ya duba ganye kafin ya ɗauki famfo, ya sauya dangin magani ba sunan kwalba ba, ya yi dashe da wuri don albasa ta yi kai kafin zafin Fabrairu. Sai dai mutum ɗaya ba zai iya ba, tunda ƙwaro yawo yake. Dole masu fadama ɗaya su daidaita lokacin dashe da maganin kowane zagaye, da sarkin noma da masu shagon magani a zaman. Jami'ar da aka kafa a Aliero a 2006 tana da sashen noma a tsakiyar gonakin nan. Ita ya kamata ta riƙa gwada ƙwarin kowace kaka ta faɗa wa manoma wane dangin magani ne har yanzu yake ci.