FASHIN BAƘI: Yadda ɗalibi a Ƙaraye ko Rogo zai iya ƙera jitar lantarki da hannunsa, da abin da ke hana shi

A shekarar 2008 wani matashi Buzu daga jihar Tahoua ta Jamhuriyar Nijar ya sauka a Sakkwato ya ɗauki kundin waƙoƙinsa na farko mai suna Anar. Sunansa Mahamadou Souleymane, amma duniya ta fi saninsa da Mdou Moctar. A yau ana lissafa shi cikin fitattun makaɗan jitar lantarki, yana cika dandali a Amurka da Turai. Jitarsa ta farko kuwa ba sayenta ya yi ba. Iyayensa ba sa son kiɗa, kuɗi babu, sai ya samo katako da wayoyin birkin keke ya haɗa abarsa, ya riƙa koyo a ɓoye.

Waccan jitar ba ta lantarki ba ce. Amma tazarar da ke tsakaninta da ta lantarki ba ta wuce maganaɗisu da siririyar wayar tagulla da kuma darasi guda na kimiyya da ke cikin manhajar sakandare ba. Kusan dukkan kayan aikin ana iya samunsu a ƙananan hukumomin Ƙaraye da Rogo.

Yadda sautin ke fita

Jitar gargajiya, kamar garaya da gurmi da molo, tana dogara ne da ramin cikinta wajen ƙara amo. Ta lantarki ba ta buƙatar rami, shi ya sa ake yin jikinta da curarren katako. Sirrin yana ƙarƙashin tsirkiyoyi, inda ake dasa wani ɗan akwati, maɗaukin sauti: maganaɗisu ne da aka naɗe da wayar tagulla.

Idan aka kaɗa tsirkiyar ƙarfe a saman maganaɗisu, karkarwarta na jirkita ƙarfin da ke kewaye da shi, wannan jirkitar kuma ta haifar da 'yar wutar lantarki a cikin naɗin wayar. Wutar na kai-komo daidai da saurin karkarwar tsirkiyar. Daga nan waya ta kai ta amfilifaya, ta ƙarfafa ta, lasifika ta mayar da ita sauti. Baturen Ingila Michael Faraday ne ya gano wannan ƙa'ida a 1831, kuma ita ce dai ke aiki a cikin janareta.

Abubuwa biyu ke fitowa daga nan. Na farko, dole tsirkiyar ta kasance ƙarfen da maganaɗisu ke ja. Izgar doki irin ta goge ko igiyar roba ba za su ba da komai ba. Na biyu, ita jitar kanta ba a jona ta da wuta. Amfilifaya ce kawai ke buƙata, kuma akwai ƙarama da ake haɗawa da ɗan ƙwayar LM386, wadda batir mai bolt 9 ke ɗauka. Ke nan rashin wutar NEPA ba hujja ba ce.

Waɗanda suka fara ma a rumfa suka fara

George Beauchamp ya yi samfurin jitar lantarki ta farko da ta shiga kasuwa a 1931 a Amurka, aka yi mata laƙabi da kaskon suya saboda siffarta. Leo Fender, wanda jitarsa ta 1950 ta zama abin kwaikwayo, mai gyaran rediyo ne a Kalifoniya, bai ma iya kaɗa jita ba. Brian May na ƙungiyar Queen yana ɗan sakandare a 1963 lokacin da shi da mahaifinsa suka fara sassaƙa tasa daga tsohon katakon murhun ɗumama ɗaki, suka haɗa da sifirin na babur. Sun shafe kusan shekara biyu, kuma da ita ya yi sunansa.

A ƙasar Hausa ma ba baƙon abu ba ne makaɗi ya haɗa kayan aikinsa daga abin da wasu suka yar. Kuntigin da marigayi Ɗan Maraya Jos ya zaga duniya da shi gwangwani ne da aka rufe da fata, aka ɗaura masa tsirkiya ɗaya.

Inda lissafi ke shigowa

Wuyan jita shi ne wurin da mafari ke faɗuwa. Tsawon tsirkiya daga makarin sama zuwa abin da masu goge ke kira jaki, a tsarin Fender, milimita 648 ne. Ƙananan ƙarafan da ke gindaye a wuyan, waɗanda yatsa ke danne tsirkiya a kansu, ba da ka ake jera su ba. Ana raba tsawon da 17.817, a sami milimita 36.4, nan ne mazaunin ƙarfe na farko. Sai a cire wannan daga 648, a sake raba abin da ya rage, a sami 34.3 na biyu, haka har ƙarshe. Idan lissafin ya yi daidai, ƙarfe na 12 zai faɗo a tsakiya cif, milimita 324. Kuskuren milimita ɗaya kunne zai ji shi, kuma ba malamin da zai iya ɗaga ƙafa a nan.

Sai ƙarfin katako. Tsirkiyoyi shida idan aka ɗaure su suna jan wuyan da nauyin da ya kai kimanin kilo 45, dare da rana. Saboda haka ake binne sandar ƙarfe a cikin wuyan. Maɗaci, wanda kafintocinmu suka sani, dangin katakon da manyan kamfanoni ke yin jita da shi ne, kanya kuma 'yar'uwar baƙin icen da ake shimfiɗawa a fuskar wuya ce. Sharaɗin shi ne katakon ya bushe sarai. Wanda aka yanka da damina zai lanƙwashe ko ya tsage da zarar hunturu ya kama.

Maɗaukin sauti shi ya fi cin haƙuri. Na kamfani yana ɗauke da zagaye kusan 8,000 na wayar da kaurinta bai fi na gashin kai ba, kimanin milimita 0.06. In ta tsinke a tsakiya, aiki ya koma baya. Wayar da ta fi kauri ba za ta ba da zagaye da yawa ba, sautin sai ya yi rauni. Bayan naɗi ana tsoma shi cikin narkakken kaki don kada wayar ta riƙa motsi tana ƙugi.

Abin da ke ƙasa a Ƙaraye da Rogo

Yankin na noma ne. Madatsar ruwa ta Challawa tana cikin Ƙaraye, Rogo kuma ta yi suna a rake da mazarƙwaila. Inda ake noman rani da matse rake ba a rasa makanikai da masu walda da masu naɗin koyil. Tsohuwar lasifikar rediyo na da maganaɗisu. Mai gyaran keke na da wayar birki, sai dai a gwada ta da maganaɗisu kafin a ɗauka, domin ba kowace ce yake kamawa sosai ba. Mai gyaran waya na da abin liƙa da dalma da mitar auna wuta. Abin da zai iya kai ɗalibi Kasuwar Sabon Gari a birnin Kano shi ne siririyar wayar naɗi da maɗauran tsirkiya.

Gargaɗi ɗaya: kada ɗalibi ya haɗa amfilifaya mai shiga soket da kansa. Tsirkiyoyin jita a haɗe suke da wayoyin cikinta, kuskuren jona waya na iya sa wuta ta bi ta hannun mai kaɗawa. A tsaya a kan batir.

To me ya hana?

Ba kayan aiki ba ne, gurbi ne. Lokacin da aka fara tsarin 6-3-3-4 a 1982, an shigo da injinan koyon fasaha daga ƙasashen waje aka raba wa makarantu, da yawa suka lalace a cikin akwatunansu saboda rashin wuta da ɗakin aiki da ƙwararrun malamai. Darasin da aka tsara don hannu ya koma na allo. Kano ta yi wa sauran jihohi fintinkau da makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa tun 1977, amma mafi yawan yaran karkara ba can suke ba. A makarantar jeka-ka-dawo, abin da jarrabawar WAEC ko NECO ba za ta tambaya ba da wuya a ba shi lokaci.

Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024, Gwamnatin Tarayya kuma ta sanar da sabuwar manhaja a 2025 mai ɗauke da sana'o'i irin su haɗa sola da gyaran waya. Ma'aunin nasarar duka biyun shi ne ko ɗalibi zai taɓa kayan aiki, ko kuwa zai haddace sunayensu ne kawai.

Akwai kuma batun iyaye. Gidaje da dama a yankin na ƙyamar kayan kiɗa bisa dalilin addini ko na martabar gida, kuma ba hurumin makaranta ba ne ta yi watsi da hakan. Sai dai ilimin ba a jita kaɗai yake ba. Maganaɗisu da naɗin wayar nan su ne cikin makirufon masallaci da dinamon keke da ƙaramin injin ba da wuta. Ɗalibin da iyayensa suka ƙi jita zai iya zaɓar ɗaya daga cikinsu.

Abin da aikin ke buƙata daga shugaban makaranta kaɗan ne: zango ɗaya, awa biyu a mako, malamin kimiyya mai duba lissafi, kafinta ko mai gyaran rediyo na gari da zai yarda ya karɓi yaro, da littafin da ɗalibi zai riƙa rubuta abin da ya gwada da inda ya kuskure. A ƙarshen zango a ba da maki a kan littafin da kuma abin da aka ƙera, ko da tsirkiya ɗaya ce tal a kan falanki ta yi magana a lasifika.